KYAN ITATUWAN GARI: A IDO YA KE, KO A INUWA?

Ya ku 'yan makaranta, akwai wata tambaya da malaman duniya suka daɗe suna gardama a kanta. Tambayar ita ce: in an ce abu ya yi kyau, shin kyan nan a jikin abin ya ke, ko kuwa a idon mai kallo? Ita mu ke so mu tattauna da ku a wannan mako, amma ba za mu kai ku nesa ba. Za mu tsaya a garuruwa biyu na bakin gulbi ɗaya, watau Birnin Kebbi da Argungu, mu dubi itatuwansu da lambunansu da filayensu, mu ga abin da mutane ke nufi sa'ad da suka dubi irin waɗannan wurare suka ce, "Kai, wurin nan da kyau ya ke!"

Kada wani ya ce wannan zancen masu ƙoshi ne. Abin da mutanen gari suka ɗauka kyakkyawa ne, shi su ke tsarewa. Abin da suka ɗauka ba shi da kyau kuwa, ran da aka zo neman filin kanti ko ƙarin faɗin hanya, ba wanda zai buɗe baki ya cece shi daga gatari. Ashe ke nan ran tsamiyar da ke ƙofar gidanku yana rataye ga amsar da aka ba wannan tambaya.

Bari mu fara da ƙasar kanta. Gulbin da ya gangaro daga wajen Sakkwato, wanda waɗansu ke kira Rima, waɗansu kuma Gulbin Kabi, ya bi ta gindin Argungu, ya bi ta gindin Birnin Kebbi, sa'an nan ya je ya faɗa Kwara. Tsakanin garuruwan biyu tafiyar kamar mil 30 ce, ko wanensu kuwa yana duban fadama mai faɗi. Tarihinsu a sarƙe ya ke. Kanta ya kafa mulkin Kabi a farkon ƙarni na 16, birninsa Surame. Daga baya sarautar ta komo Birnin Kebbi, har zuwa 1805, shekarar da rundunar Abdullahi ɗan Fodiyo ta ci birnin, bayan waɗansu shekaru kuma Kabawa suka kafa sabuwar fada a Argungu. Cikin 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyara Argungu, aka yi masa bikin kamun kifi, tsohuwar gaba ta kwanta. Cikin 1991 kuma aka yanko Jihar Kebbi daga Jihar Sakkwato, Birnin Kebbi ya zama babban birninta. Tun daga ran nan gari ya ke ta miƙewa, gonakin jiya sun zama unguwannin yau, itatuwan da ke cikinsu kuwa ko wane yana jiran hukuncin mai fili.

Damina a wannan ƙasa wata huɗu ce ko biyar. Sauran watanni hunturu ne da ƙurarsa, sai bazara da zafinta, har cikin watan Afrilu ma'aunin zafi ya kan haura 40. Inda rana ke da irin wannan iko, ɗanyen ganye ba ƙaramin abu ba ne, harshenmu ma ya shaida. In wuri ya yi kore shar mu kan ce dausayi ne, mu kan kuma ce yana da ni'ima. Ku lura da wannan kalma ta ni'ima: ita mu ke faɗa wa sanyin wuri mai ruwa da itatuwa, ita kuma mu ke faɗa wa baiwar Allah. Kalmar Aljanna ita ma, asalinta a Larabci lambu ne wanda itatuwa suka lulluɓe.

To, a ce mutum huɗu sun tsaya a bakin tudun Birnin Kebbi cikin watan Satumba suna duban fadama. Manomi zai ga shinkafa, yana lissafin buhuna a zuci. Basarke zai ga inda ruwa ya kwanta, ya san can kifi zai taru in gulbi ya janye. Malamin tsabta zai ga matattarar sauro. Baƙon da ya sauko daga mota kuwa zai ga kamar an shimfiɗa koriyar darduma har iyakar ganinsa. Uku daga cikinsu za su ce, "Da kyau," na huɗun ya girgiza kai. Fadama ɗaya ce, idanu ne suka bambanta. Wanda ya tsaya nan zai ce an gama magana, kyau a ido ya ke, kowa da nasa. Amma ku yi haƙuri, da sauran tafiya.

Mu dubi kalmar kyau kanta. A waɗansu harsuna akwai kalma dabam ta abin da ya gamshi ido, da wata dabam ta abin da ya yi daidai. Bahaushe ya haɗa su a kalma ɗaya. Yarinya tana da kyau, doki yana da kyau, hali yana da kyau, aiki ya yi kyau. Ku tuna da karin maganar da ku ka sani tun kuna ƙanana: kyan alkawari cikawa, kyan tafiya dawowa, kyan ɗa ya gaji ubansa. A cikinsu duka, kyan abu shi ne ya cika abin da aka yi shi dominsa. Duk da haka kakanninmu sun san akwai kyan da ido kaɗai ke ci, shi ya sa suka yi mana kashedi da kyan ɗan maciji.

Imamu Gazali, wanda ya rasu cikin 1111, ya bi kusan wannan hanya a littafinsa Ihya'u Ulumid Dini. A ganinsa kyan ko wane abu yana ga samun kamalar da ta dace da shi, don haka abin da ke sa doki kyau dabam ya ke da abin da ke sa rubutu kyau. Wani malamin Jamus kuma, Immanuel Kant, ya fito da littafi cikin 1790 inda ya bi wata hanya. Shi a wurinsa, kyakkyawan abu shi ne wanda ya faranta maka rai alhali ba ka neman ka ci shi, ko ka sayar, ko ka mallaka. In mun bi Kant, cikin mutum huɗun nan baƙon ne kaɗai ya ga kyan fadama. In mun bi karin maganarmu, manomi ya fi shi gani. Ku riƙe waɗannan ra'ayoyi biyu, mu shiga da su cikin gari.

Tsohon garin Hausa ba ya rasa itatuwa, sai dai ba a ware musu wani wuri dabam an kewaye ba. Suna nan inda mutane su ke. Durumi ko ceɗiya a ƙofar fada da bakin kasuwa, tsamiya a dandali, kuka a bayan gari, giginya da goriba a gefen fadama, kurna a maƙabarta. A gindinsu a ke karatun allo, a ke aski, a ke saƙa, a ke sasanta rigima, nan kuma fatake ke sauke kaya. A cikin gidaje akwai na mata: zogale, lalle, gwanda, lemun tsami. A gefen gari akwai garka, inda a ke noman albasa da tattasai da rani. Baturen nan matafiyi Heinrich Barth, da ya sauka Gwandu cikin 1853 kafin ya bi ta Birnin Kebbi ya nufi Kwara, ya ba da labarin ayaba da albasar da a ke nomawa a garin. Watau tun kafin zuwan mulkin Turawa garuruwanmu suna da korensu.

Amma ga wani abu da ya kamata ku lura da shi. Ku dubi gindin itacen da mutane ke ƙauna, za ku tarar da shi a share fes, an yayyafa ruwa, ba ko tsinken ciyawa. A idon mutanenmu ciyawa a tsakar gari alamar kango ce, ko alamar ragon mai gida, gama maciji da kunama da sauro a cikinta su ke fakewa. Saboda haka kyan wuri a wurinmu shi ne kore a sama, farin rairayi a ƙasa, da tabarma tsakaninsu.

Mutumin Ingila kuwa nasa a juye ya ke. Ƙasarsa mai sanyi ce, ruwa yana sauka a ko wane wata, rana kuwa ba ta cika fitowa ba. Ciyawa tana tsiro masa ba wahala, abin da ya ke marmari shi ne hantsi. Don haka kyan wuri a idonsa shi ne fili buɗaɗɗe mai gajeriyar ciyawa, da furanni a gefe, da itatuwa jefi-jefi yadda ba za su tare rana ba. Da masana'antu suka cika garuruwansu da hayaƙi, ma'aikata suka cushe a ƙananan ɗakuna, sai hukumomi suka fara ware filayen shan iska. Wanda aka buɗe a Birkenhead cikin 1847 yana cikin na farko da aka yi da kuɗin jama'a domin kowa ya shiga. Ku ga fa, shi ma Bature bukatar jikinsa ce ta koya wa idonsa. Mai jin sanyi ya ga kyau a fili, mai jin zafi ya ga kyau a inuwa.

Da Turawa suka ci ƙasarmu sai suka zo da idonsu. A zamanin Gwamna Lugga, wanda ya kafa dokar tsarin garuruwa cikin 1917, ƙa'ida ita ce a bar fili mai faɗin yadi 440, ba gini a cikinsa, tsakanin Bariki da unguwannin 'yan ƙasa. Dalilin da aka bayar shi ne tsoron sauro da zazzaɓi. Can cikin Bariki gidaje suka zauna tsakiyar manyan filaye, da itatuwa a jere, da lebura mai ban ruwa. Daga nan wani tunani ya shiga zukatan mutane, har yau kuwa bai gama fita ba: cewa wuri mai tsari da furanni na manya ne, talaka sai dai ya hanga daga nesa. Wannan koren fili, ko da ya ke ba a ɗora tubali ko ɗaya a kansa ba, aikin ganuwa ya yi.

Duk da haka, zamanin nan ya bar mana wani gado wanda ya ke koya mana darasi babba. Itacen nan da waɗansu ke kira dogon yaro, waɗansu darbejiya, waɗansu maina, waɗansu bedi, asalinsa daga wajen Indiya ya ke. Cikin 1928 aka fara dasa shi a lardin Barno, daga nan ya bazu har ƙasar Sakkwato da Kabi. Yau ku bi titunan Birnin Kebbi da Argungu, ku leƙa makarantu da asibitoci da tashoshin mota, shi ne sarkin inuwa. Yana jure fari, yana riƙe ganye da rani, a kan yi asuwaki da reshensa, furensa kuma yana ƙamshi da dare. Yaron da aka haifa a gindinsa ba zai yarda baƙo ne ba. Itacen da ya samu suna har huɗu a bakin mutane ai ya zama ɗan gari. Me ya sa idonmu ya karɓi dogon yaro, ya ƙi karɓar ciyawar Bature? Domin ɗaya ya dace da ranarmu da ruwanmu, ɗayan kuwa sai an yi ta ɗura masa ruwa wata bakwai a shekara, a garin da mata da yara ke layi a bakin famfo.

Daga nan mun fahimci abu biyu. Na farko, ido ɗalibi ne, abin da aka saba nuna masa shi ya ke so. Na biyu, ba ko wane darasi ne ƙasa ke yarda da shi ba. Haɗarin da ke kanku, ku masu karatu, a na farkon ya ke. Littattafanku da hotunan da ku ke gani a waya da talabijin cike su ke da lambunan waɗansu ƙasashe. In ba ku yi hankali ba, za ku tashi kuna ganin cewa wuri ba ya kyau sai ya yi kama da hoto, tsohuwar tsamiyar unguwarku kuwa ku ɗauke ta tarkacen ƙauye. Mun riga mun fara ganin 'ya'yan wannan tunani a sababbin unguwanni. Mutum zai sayi fili mai gawo ko ɗorawa, abin da zai fara yi shi ne ya kira mai gatari. In ya gama gini ya malale tsakar gida da siminti, sa'an nan ya jera waɗansu dogayen itatuwan ado sirara a jikin katanga, waɗanda ko akuya ba za ta samu inda za ta fake a gindinsu ba. Da azahar gidan ya zama tanda, sai a tada inji a kunna na'urar sanyaya ɗaki. Haka kuma a kan ƙawata shataletale da furanni, a kewaye da ƙarfe, ba mai shiga, alhali 'yan kabu-kabu da masu talla suna tsaye cikin rana a gefensa. Irin wannan shi Hausawa ke kira inuwar giginya, na nesa ka sha.

To, wani mai wayo daga cikinku zai ce, "In dai amfani ne kyau, ai magana ta ƙare. Rumfar kwano ma tana ba da inuwa, ba ta zubar da ganye, saiwarta ba ta fasa gini. A sare itatuwa a kafa rumfuna." Wannan magana tana da ƙarfi, ba za mu wuce ta ba sai mun amsa.

Amsa ta farko, inuwar ba ɗaya ba ce. Kwano yana shan zafin rana ya sako maka shi a ka. Itace kuwa yana jawo ruwa daga ƙarƙashin ƙasa ya fitar da shi ta ganye, ruwan nan in yana tashi sai ya tafi da zafi, kamar yadda randar ƙasa ke sanyaya ruwan da ke cikinta ta wurin tsatsafowa. Shi ya sa iskar gindin durumi ta fi ta rumfa daɗi.

Amsa ta biyu ta fi wannan zurfi. Ku dubi kuka da rani. Ba ganye, ba inuwa, rassa kamar saiwoyi sun juya sama. Amma wanda ya gan ta da almuru, rana tana faɗuwa a bayanta, shanu suna komowa cikin ƙura, zai tsaya ko da yana sauri. Me ya tsai da shi? Ba miya ya ke nema ba a wannan lokaci. Ku dubi gawo, wanda ke zubar da ganye da damina, ya yi kore shar da rani sa'ad da sauran itatuwa suka bushe. Manomi yana son sa don yana gyara ƙasa, makiyayi don 'ya'yansa, amma yaron da bai san ko ɗaya cikin waɗannan ba shi ma ya kan yi mamakinsa. A nan Kant yana da gaskiya. Imamu Gazali ma ya faɗi cewa mutum yana son ganin ɗanyen tsiro da ruwa mai gudu ba don zai ci ko zai sha ba, ganin kansa abin so ne.

Likitoci ma sun gwada wannan. Cikin 1984 wani masani a Amurka, Roger Ulrich, ya bayyana abin da ya samu da ya bincika takardun majinyata 46 waɗanda aka yi wa aiki iri ɗaya a wani asibiti na jihar Pennsylvania. Rabinsu tagar ɗakinsu tana duban itatuwa, rabi kuwa tana duban bangon tubali. Masu duban itatuwa sun riga sauran komawa gida da kusan kwana ɗaya, sun kuma fi su ƙarancin neman maganin ciwo mai ƙarfi. Ba su zauna a inuwar itatuwan ba, ba su ci 'ya'yansu ba, gani kaɗai suka yi. Ashe ido ma yana da nasa abinci, in ya ƙoshi kuwa jiki yana samun rabonsa.

Saboda haka ga inda mu ka tsaya. Kyau yana bukatar abu biyu su gamu: abin da ya dace da wurinsa, da idon da aka koya wa gani. In itace ya dace da ƙasa amma ido bai san shi ba, za a sare shi. In ido yana son abin da ƙasa ba ta iya ɗauka, za a yi ta ɓarnar ruwa da kuɗi, ran da mai ban ruwa ya daina zuwa kuwa abin ya mutu. Manomi da baƙo dukansu sun ga gaskiya, ko wanensu ya ga rabi.

Amma da ya ke zancen gari mu ke yi, akwai sharaɗi na uku, shi ne kuwa ya mai da wannan magana ta zama ta adalci. Gari na mutane da yawa ne, zafin rana kuwa ba ya raba kansa daidai. Mai hali yana da fanka da inji da mota mai sanyi. Ɗan dako, da mai gyaran takalmi, da almajiri, da tsohuwa mai sai da ƙuli-ƙuli, da wanda ya kawo majinyaci daga ƙauye yana jira a ƙofar asibiti, ba su da wata na'ura sai itace. Haka matan da ke wuni a cikin gida: in aka cike tsakar gida da ɗakunan haya aka sare zogale da lalle, an raba su da ɗan koren da idonsu ke gani tun safe har dare. Wanda ya sare itacen bakin hanya don a ga allon kantinsa ya ɗauki abin mutum ɗari ya sa a aljihunsa, ko da ya ke ba alƙalin da zai kira shi ɓarawo. In za mu ƙara ɗaya a kan karin maganar kakanninmu, sai mu ce: kyan itacen gari, inuwar da ba ta da ƙofa.

Ku je Argungu lokacin bikin kamun kifi ku ga misali. Dubban mutane su kan taru a bakin Matan Fada, masunta da homa da gora suna jiran a ba da alama. Cikin 2016 hukumar UNESCO ta sa wannan biki cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a tsare. Abin da ya sa ruwan nan ke da kifi ran biki shi ne akwai Sarkin Ruwa, akwai kuma al'adar hana su a wurin har lokaci ya yi. Kabawa sun gane tun da daɗewa cewa abin da ya ke na kowa, in ba a sa masa mai tsaro da ƙa'ida ba, zai zama ba na kowa ba. Tsohuwar fadar Argungu ma, da sarki ya tashi daga cikinta, ba a rushe ta ba, aka mai da ita gidan tarihi na Kanta cikin 1958. Mutanen da suka iya tsare ruwa, suka iya tsare gini, ba za su kasa tsare itace ba in sun ɗauke shi a bakin dukiya. Tsohuwar kuka kuwa ta girmi gine-gine da yawa da a ke alfahari da su.

Akwai kuma haƙƙin waɗanda ba a haifa ba tukuna. Gini a kan gama shi cikin shekara guda, amma tsamiya sai ta yi shekaru masu yawa kafin inuwarta ta ɗauki majalisa. Duk inuwar da ku ke sha yau wani ne ya dasa ta, ko ya ƙyale ta ta girma, galibi kuwa bai zauna a cikinta ba. Bashi ne a kanku, ba kuwa a biyansa ga wanda ya bayar, sai ga na baya. Cikin 2007 Tarayyar Afirka ta amince da shirin dasa katangar itatuwa a gefen Sahara don tare hamada, cikin 2014 kuma aka ƙaddamar da rabon Nijeriya a Bachaka, cikin masarautar Argungu. Niyya ce mai kyau. Sai dai ku sani, a ko ina cikin duniya, ranar dashe ita ce mai sauƙi, gama akwai kiɗa da manyan baƙi. Wuyar aiki tana ga ranin farko da na biyu, sa'ad da ɗan itace ke bukatar ruwa da shingen ƙaya don awaki, ba kuwa mai kallo.

To, me za ku yi, ku da ba ku da fili ba ku da sarauta? Ku fara da koya wa idonku. A wannan mako ko wanenku ya ƙirga itatuwan da ke tsakanin gidansu da makaranta, ya rubuta sunan ko wane. Wanda bai san sunansa ba ya tambayi tsofaffi, ya kuma tambaye su wa ya dasa shi, da abin da ya taɓa faruwa a gindinsa. Za ku yi mamakin yawan labarin da ke rataye a rassan nan. Ku lura da lokacin da ko wane ke fure, da tsuntsayen da ke sauka a kansa, da mutanen da ke zama a ƙarƙashinsa da azahar. Abin da mutum ya san sunansa, da wuya ya bari a sare shi yana kallo. In damina ta faɗi kuma, ko wane aji ya dasa itace ɗaya, ɗaya tak, na irin da ke jure ƙasarmu, a rubuta sunayen masu ba shi ruwa har da lokacin hutu. Guda ɗaya da ya rayu ya fi ɗari da aka dasa aka manta.

Ba mu ce ku ƙi furanni ba. Wanda ya ke da ruwa da hali ya shuka, Allah ya ƙara masa. Furen lalle ma ai namu ne, ƙamshinsa kuwa ba ya tsayawa a gidan mai shi. Abin da mu ke so shi ne ku san abin da ya kamata a fara da shi.

Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi, shi ya sa mu ka kawo muku wannan magana tun yanzu. Nan gaba kaɗan a cikinku za a samu injiniyan da zai ja layin hanya, da ma'aikacin da zai raba filaye, da hakimi, da ɗan majalisa, da attajirin da zai gina kasuwa. Wata rana za a kawo wa ɗayanku takarda a ce, "Ranka ya daɗe, ga wata tsohuwar tsamiya ta tare mana aiki." Muna roƙonsa, kafin ya sa hannu, ya tashi daga kujera ya tafi wurin da tsakar rana, ya ga ko su wane ne ke zaune a gindinta, ya tambayi kansa inda za su koma. Sau da yawa hanya tana iya kaucewa da taki goma.

Allah ya ba mu idon ganin ni'imar da ke ƙofar gidanmu, ya ba mu ikon barin ta ga na bayanmu, amin.